Asibitin da ya gano allurar tsinka jini ce ke daskarar wa Hajiyarmu da jini: abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi

Tun ranar da aka sallami Hajiya 'yan uwa da abokan kasuwa a Mile 12 suke tambayata wai yaya asibitin nan da muka koma yake, ya cancanci kuɗin da suke karɓa ko kuwa gini ne kawai da esi, to na gaji da maimaita labari ɗaya a bakin rumfa ana sauke tumatir ana katse ni, shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Ba zan kama sunan kowane asibiti ba, na farkon da na biyun duka. Na biyun dai na kuɗi ne a ɓangaren Ikeja, yana da likitar jini da take zuwa, kuma a kansa zan fi yin magana.

Hajiya ta zo mana ne daga Kano za ta yi wata ɗaya a Agege ta ga jikoki, sati na biyu da zuwanta santsin tayil ɗin banɗaki ya kwashe ta da asuba tana alwala, ƙashin ƙugunta na dama ya karye. Ita ta so a kira maɗori, mu muka ce a'a, shekara saba'in da wani abu ba a wasa da karayar ƙugu. Aka yi tiyata ranar Talata a wani asibiti kusa da mu, aikin kam yayi kyau alhamdulillahi, ba ni da abin cewa a kan aikin ƙashin. Washegari Laraba suka fara yi mata wata 'yar allura a fatar ciki, nas tace sunanta hefarin, ta tsinka jini ce, saboda wanda aka yi wa aikin ƙugu yana kwance baya motsi jini na iya yin guda a jijiyar ƙafa, gudan kuma idan ya ɓalle ya tafi huhu ana iya rasa mutum nan take. Wannan gaskiya ne, duk likitan da na tambaya daga baya ya tabbatar min allurar nan daidai ne a yi ta, tana ceton rayuka masu yawa, kar wani ya karanta labarina yace shi ba za a yi masa ba.

Kwana shida komai lafiya, har masu gashi sun fara tsayar da ita da sandar nan mai ƙafa huɗu. Ranar Laraba ta biyu sai tace ƙafarta ta hagu na yi mata nauyi. Hagu fa, ba wadda aka yi wa aiki ba. Matata ta yaye zanin ta duba, ƙwabrin ya kumbura yana sheƙi, ka danna da yatsa ya lotsa, ga zafi kamar an ɗora ta kusa da murhu, ga wani ja da ya zagaye wurare biyu a cikinta inda ake tsira allurar. Jikinta da ɗan zazzaɓi. Aka ɗebi jini, sakamako ya fito, sukace filetilet ɗinta, wato ƙananan ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, ya sauka kuma akwai maleriya filos ɗaya, to maleriya ce ke cin filetilet ɗin, kumburin kuma gudan jini ne don haka za a ƙara yawan hefarin a haɗa da ƙwayar wafarin, ita ma ta tsinka jini. Ni a lokacin maganar ta shige ni, jini yayi guda a ƙara maganin tsinka jini, ai hankali ma ya ɗauka. Amma kwana biyu ana ƙarawa ƙafar ƙara hawa take, Hajiya da ba ta cika kuka da ciwo ba na same ta da daddare tana ta salati ƙasa-ƙasa hawaye na bin gefen idonta. Ƙanwata da ke karatun nas a Zariya ita ta matsa a waya tace Yaya don Allah ku nemi likitan jini, ba likitan ƙashi ba, ba na kowa-da-kowa ba, likitan jini. Shi ne ranar Juma'a bayan masallaci muka karɓi takardar tura mara lafiya muka ɗauke ta.

Abu na farko da zan faɗa game da sabon wurin, kuma ba yabo ba ne: ba su taɓa ta ba sai da kuɗin ajiya ya shiga. Hajiya na kan keken marasa lafiya a bakin kantar karɓar kuɗi tana nishi, ni ina tsaye da waya netwok ɗin banki ya ƙi, na yi taransifa an cire min a can amma alat bai shigo musu ba, yarinyar kanta kuma tace ita ba za ta buɗe kati ba sai ta gani. Mun kusa minti arba'in a haka sai da wani abokina ya zo da kati aka cira a POS. Na san asibitin kuɗi ne ba na sadaka ba, na san akwai masu gudu da bashi, amma tsohuwa da kumburarriyar ƙafa ya kamata a ce an kai ta gado tukuna ana rigimar alat daga baya. Wannan ya tsaya min a rai har yau kuma na faɗa musu baki da baki ranar sallama.

Bayan nan ne likitar ta shigo, Bayarabiya ce mai matsakaicin shekaru, ba ta jin Hausa sai sannu da yaya jiki, amma ta durƙusa daidai fuskar Hajiya tace sannu Mama, ta riƙe hannunta. Abin da ya bambanta ta da duk wanda muka gani a sati biyun nan shi ne ba ƙafar ta fara kallo ba, takardu ta nema. Tace min ina duk sakamakon jinin da aka yi tun kafin tiyata. Allah ya taimake ni matata mai adana takarda ce, duk suna cikin wata leda baƙa a jakarta har da rasit. Likitar ta shimfiɗa su a kan gadon ta jera bisa kwanan wata, ta ɗauki biro ta juya bayan wata takarda ta rubuta lambobin filetilet huɗu a jere: 270,000 kafin aiki, 230,000 kwana uku bayan aiki, 120,000 ranar Larabar da ƙafa ta kumbura, sai na yammacin nan da suka ɗiba 88,000. Sai ta ɗago tace wace rana aka fara hefarin. Nace Laraba ta farko. Ta ƙirga a yatsunta a gabana har Larabar da ƙafa ta kumbura, kwana bakwai, ta ajiye biron. Nan take ta kira nas tace duk wani hefarin a tsayar, wafarin ma a tsayar a ba ta bitamin K mai warware aikinsa, kuma ta sa aka manna takarda a kan gadon da jan rubutu. Har ruwan da suke ɗurawa a kanula don kar ta toshe tace a tabbatar ruwan gishiri ne zalla, don wasu wuraren da hefarin suke wanke ta, kuma ɗan wannan ma ya isa ya ci gaba da hura wutar.

Ni kam raina ya ɓaci, nace ranki ya daɗe jini ya daskare a ƙafa kuma kice a daina maganin tsinka shi? Ba ta yi fushi ba, tace in bari a kai Mama hoton ƙafa in dawo ofishinta za ta yi min bayani. Kuma ta yi, kusan rabin awa, da zane a takarda, da turancin da ɗan kasuwa zai gane, wani nas ɗan Zariya da ke aikin yamma yana cike min inda na ɓace. Takardar tana wurina har yanzu. Zan faɗa yadda na fahimta da kuma abin da na ƙara bibiya da taimakon ƙanwata, don wannan bayanin shi ne rabin abin da na biya kuɗi a kai.

Filetilet wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne a cikin jini, aikinsu in ka yanke su taru su toshe wurin. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a ɗan ɗigon da ake aunawa. A cikinsu akwai wani furotin da suke fitarwa ana kiransa PF4, ɗan gida ne, sojojin jiki sun san shi ba ruwansu da shi. To shi PF4 yana da cajin lantarki irin wanda ke jan na hefarin kamar maganaɗisu, in sun haɗu sai hefarin ya nannaɗe su su zama dunƙule babba, siffar PF4 ɗin ta canza. A jikin yawancin mutane ba abin da ke biyo baya. Amma a jikin wasu ƙalilan sojojin jiki sai su kalli dunƙulen nan su ɗauka baƙo ne ya shigo, kamar 'yan sintirin unguwa su ga yaron da suka sani tun yana goye amma ya rufe fuska yana tafe da wani da ba su sani ba tsakar dare. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B su ne maƙeran, su suke ƙera makamin da ake kira antibodi, nau'in IgG, wanda aka yi shi daidai da dunƙulen nan. Ƙerawar tana ɗaukar kwanaki, shi yasa ciwon yake fitowa tsakanin kwana 5 zuwa 10 da fara allurar, shi yasa kuma ta ƙirga yatsu. Wanda aka yi wa hefarin cikin watan da ya wuce kuwa mai yiwuwa makamin na nan a jikinsa a shirye, ana sake yi masa cikin kwana ɗaya ma zai iya faɗuwa.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne abin da antibodin ke yi bayan ya kama dunƙulen. Wutsiyarsa tana shiga wata 'yar ƙofa da ke jikin filetilet, ta rubuta min sunanta FcγRIIa, da ta shiga sai filetilet ɗin ya zabura kamar an ce masa ga rauni can, ya zama mai danƙo ya manne da 'yan uwansa, ya ƙara zubo da PF4, sabon PF4 ya haɗu da hefarin, antibodi ya sake kamawa, wani filetilet ya sake zabura, haka abin ke juyawa yana ƙaruwa. Kuma ba su kaɗai ba. Akwai wasu fararen ƙwayoyin masu suna monosayit, su ma antibodin yana taɓa su sai su fito da wani sinadari a bayansu wanda shi ne yake kunna daskarewar jini tun daga tushe. Akwai kuma niyutirofil, waɗanda suka fi kowanne yawa a fararen ƙwayoyi, su aikinsu in sun ga ƙwayar cuta wani lokaci sai su fashe su watsa zaren da ke cikinsu kamar taru don su kama ta, to a nan ma sai su watsa tarun a cikin jijiya ba tare da akwai wata cuta ba, filetilet da jajayen ƙwayoyi su maƙale a ciki gudan ya ƙara kauri. Fatar cikin jijiyar ita ma tana ji a jikinta. Wato rundunar da Allah ya ajiye don kare mutum ce gaba ɗaya ta tashi a kan ƙararrawar ƙarya, kuma duk ƙarin hefarin da aka yi wa Hajiya a kwana biyun nan ƙarin itace ne aka yi ta turawa a wutar.

Nace to in filetilet ne ke daskarar da jini kuma ya ragu, ba zubar jini ya kamata mu gani ba? Tace wannan tambayar ce take ruɗa har ma'aikata. Ni da na koma gida na yi ta juya maganar sai na gane ta da abin da muke gani kullum: ka tsaya a tashar Ketu da yamma ba danfo ko ɗaya, ba don motoci sun ƙare a Legas ba, duk suna can sun cushe a gosulon Ojota sun toshe hanya. Haka filetilet ɗin, ya ragu a kwalbar gwaji ne saboda ya tafi ya taru a jijiyar ƙafa, sauran kuma da antibodi ya shafa saifa tana kwashe su. Shi yasa a wannan ciwon, da likitoci ke taƙaita sunansa da HIT, ba a cika ganin zubar jini ba, gudan jini ake tsoro, a ƙafa, a huhu, wani lokaci a jijiyar da ke kai jini hannu ko ƙwaƙwalwa. Shi yasa kuma tace ba za ta yi mata ƙarin filetilet ba sai in jini ya ɓalle, duk da wani ɗan uwanmu yana ta kira daga Kano yana cewa a saya a ƙara mata ko nawa ne.

Maganar maleriya ma ba ta watsar ba, kuma wannan ya burge ni, ba ta zagi waɗanda suka fara duba ta ba ko da kalma ɗaya. Tace gaskiya ne maleriya na saukar da filetilet, a ƙasar nan ita ce farkon abin da kowa zai zarga, haka ciwon da ƙwayar cuta ta shiga jini. Sai ta nuna min wani ma'auni da ake kira 4T, wanda wani likitan jini a Kanada, Theodore Warkentin na jami'ar McMaster, yake cikin waɗanda suka fito da shi. Tambaya huɗu ce kowacce maki sifili zuwa biyu: nawa filetilet ya faɗi, a kwana na nawa ya faɗi, akwai sabon gudan jini, akwai wani dalilin daban. Na Hajiya ya faɗi fiye da rabi, biyu. Kwana bakwai, biyu. Hoton ya dawo ya nuna guda tun daga bayan gwiwa har cinya, biyu. Wani dalili, akwai yiwuwar maleriya, sai ta ba da ɗaya. Bakwai cikin takwas, kuma daga shida zuwa sama ana ɗaukarsa zato mai ƙarfi. Ba na'ura ba komai, biro ne da bayan takarda da tsofaffin sakamakon da ke cikin ledar matata.

Wafarin ɗin da ta tsayar shi ne na fi jin tsoro da na gane. Tace maganin kirki ne mutane da yawa suna shan sa shekara da shekaru, amma a kwanakin farko yana fara kashe wani furotin mai hana daskarewa, furotin C, kafin ya kai ga masu daskararwar, to ga mai HIT da jininsa ke kan wuta wannan ɗan tsakanin ya isa ƙananan jijiyoyin ƙafa su toshe yatsu su yi baƙi har a kai ga yankewa. Ba a fara shi sai filetilet ya dawo daidai. Duk safiya sai ta zo ta yaye bargo ta taɓa yatsun ƙafar Hajiya ɗaya bayan ɗaya ta danna farce ta ga jini ya dawo, Hajiya tana cewa wannan yarinya Allah ya yi mata albarka, nas yana fassara mata.

Tsayar da hefarin kaɗai kuma baya isa, don wutar ta riga ta kama, dole a maye shi da wani maganin tsinka jinin da ba danginsa ba. Na tambaye ta ƙaramar allurar nan enokzafarin da na ji ana sayarwa a cikin sirinji a shirye, tace a'a, ita ma 'yar gidan hefarin ce, ta fi sauƙin haɗari nesa ba kusa ba ga wanda bai kamu ba, amma wanda ya riga ya kamu antibodin zai gane ta. Akwai su argatroban da bivalirudin da ake sawa a ruwa, akwai allurar fondaparinux, akwai ƙwayoyin sha irin rivaroxaban da apixaban. Ga abu na biyu da ban ji daɗinsa ba: allurar da ta fara rubutawa babu ita a kantin maganin asibitin, suka miƙo min takarda ƙarfe takwas na dare wai in nema a waje. Na bi manyan kemis huɗu daga Allen har Opebi, uku ba su ma taɓa jin sunan ba, na dawo hannu rabbana. Ta canza zuwa ƙwayar rivaroxaban wadda suke da ita, sau biyu a rana na sati uku na farko, da abinci, daga baya sau ɗaya. Asibitin da ke karɓar irin wannan kuɗin kuma yake tinƙaho da likitar jini ya kamata ko su ajiye maganin ko su kira su nemo da kansu, ba su tura ɗan mara lafiya yawon Ikeja da dare ba. Kuma don Allah kar wani ya ga sunayen nan ya je kemis ya saya wa kansa, sai da ta duba ƙodar Hajiya da wurin ɗinkin tiyatar kafin ta yarda ta ba ta.

Gwajin da ke tabbatar da antibodin shi ma ba a wurin ake yi ba, an ɗebi jinin an aika wani lab, kwana shida kafin ya dawo, kuma kuɗinsa shi kaɗai ya kusa na ɗakin kwana biyu. Ya dawo yana nuna akwai. Amma tun kafin ya dawo filetilet ya fara hawa da kansa, 88,000 ya koma 110,000, ya koma 160,000 cikin sati, ƙafar ta fara saɓewa har fatar tana yamutsewa. Da ta tsaya jiran takardar lab ban san inda za mu kwana ba. Ta kuma gaya min gwajin shi kaɗai ba hujja ba ne, mutane da yawa bayan babbar tiyata jikinsu yana ƙera antibodin nan amma baya yi musu komai, don haka ba kowa ake yi wa ba sai wanda ƙirgen nan na 4T ya nuna.

Akwai wata magana da ni na tayar da ita don ƙanwata ta tsegunta min, wai hefarin daga hanjin alade ake tatso shi. Na tambayi likitar kai tsaye tace haka ne, mafi yawan wanda ke kasuwar duniya daga nan yake, akwai na shanu a wasu ƙasashe amma kaɗan ne. Ba ta yi min kwana-kwana ba kuma na gode mata da hakan. Na kai maganar wurin limamin masallacinmu a Agege yace babin larura ne, in likita ya ga rai na cikin haɗari kuma babu madadi a kusa babu laifi a kan mara lafiya. Hefarin tsohon magani ne ma, tun 1916 wani ɗalibin likitanci a Amurka, Jay McLean, ya faro gano shi, a hanta aka fara samunsa. Ƙwayar da take sha yanzu kam haɗin sinadari ce ba daga dabba ba, da na gaya wa Hajiya haka sai da ta yi hamdala sau uku.

Ɓangaren ɗaki da kulawa, tsafta ba laifi, ana share ɗakin sau biyu, wuta ba ta ɗauke mana ko sau ɗaya ba har da dare, banɗakin yana da ƙarfen riƙewa wanda ga mai karayar ƙugu babban abu ne. Nas ɗin rana suna zuwa da an danna ƙararrawa, na dare kuwa sai an bi su, akwai daren da matata ta je sau uku kafin a zo a juya Hajiya. In nas ɗin nan ɗan Zariya baya aiki babu mai jin Hausa ko ɗaya, kuma a garin da Hausawa suka cika Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago bai kamata a ce tsohuwa ba ta iya cewa ina jin fitsari sai an taso jikarta daga barci ba. Mai ɗaukar hoton ƙafa namiji ne kuma sai an yaye har cinya, Hajiya ta ƙi sam, muka roƙa, suka ce mace sai gobe, likitar ta sa baki aka kira wata daga gida ta zo cikin awa ɗaya. Abincinsu Hajiya ko kallo ba ta yi ba, amma sun bar mu muna shigo da tuwo da kunu daga gida ba tare da mai gadi ya tsare mu ba. Wurin alwala da sallah babu, a bayan janareta nake shimfiɗa darduma. Kuɗi kam suna da tsada, kwana tara da muka yi ya cinye min ribar da ban so in tuna ba, sai dai kowane abu yana rubuce a rasit layi-layi, kuma da na ga an sa mana kuɗin wata allura da ba a yi ba na nuna musu suka cire ba gardama. Wanda ba shi da halin na kuɗi, manyan asibitocin koyarwa irin LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da sashen likitocin jini, abin nema dai shi ne likitan jini ya ga takardun.

In maki zan ba su, likitar biyar cikin biyar, kanta da kantin magani biyu, sauran uku da rabi. Zan sake kai nawa can in ta kama, amma da kuɗi a kati ba taransifa ba, da duk wata tsohuwar takardar gwaji a hannu ko ta yi datti.

Ranar sallama ta ba mu wani kati da ta rubuta da hannunta ta buga hatimi, cewa wannan baiwar Allah ta yi HIT a wata kaza, kar a yi mata hefarin kowane iri sai da shawarar likitan jini. Tace antibodin baya daɗewa, yawanci cikin wata uku yake ɓacewa daga jini, amma katin ya zauna tare da ita har abada, a nuna shi duk inda za a kwantar da ita ko za a sa mata kanula. Ƙwayar kuma wata uku za ta sha saboda gudan da ya riga ya fito, ta hana ta asfirin da magungunan ciwon jikin nan na kemis da jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa sai an tambaya. Matata ta kai katin an yi masa leda mai tauri a wani shago a Pen Cinema, mun yi kwafi uku, ɗaya a jakar Hajiya tare da carbinta, ɗaya wurina, ɗaya na ba direban motar tumatir ya kai wa Yayanmu a Kano tun kafin ta koma. Ranar Litinin mai zuwa za mu koma a sake hoton ƙafar, kuma na riga na kira na ce mace muke so.